Ƙafar Innarki da Maganin da Bai Iso Ba

Boɗinga

Zuwa ga ɗiyata Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya a gidan Gwaggonki can Sakkwato, Ya sa jirgin da za ki shiga ya tashi lafiya ya sauka lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki san kowa ba. Innarki tana gaishe ki.

Ranar da kika zo sallama ban ce miki komai ba sai Allah Ya kiyaye hanya. Gidan ya cika da 'yan taya murna, kowa da abin da yake son faɗi, ni kuwa bakina ya yi nauyi. Na gaji, Saudatu. Shekarun jinyar nan sun ci ƙarfina, har in na zauna a zaure sai in ji kamar kada kowa ya yi mini magana. Amma bai kamata ki tafi karatun neman maganin ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani ba, alhali ubanki da ya ƙare rayuwarsa yana kallon yadda suka daina ji bai gaya miki abin da ya gani ba. Ba zan cika ki da labarin gari ba, wannan waya za ta kai miki. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ya fara rawa.

Kin san na yi aikin lafiyar dabbobi a ƙasar Shagari tun ba a haife ki ba har na yi ritaya. Lokacin da na fara, akwai wata allura da ake ba mu a ofis, ruwanta kamar zuma a cikin kwalba. Na fara ganin aikinta sosai a rugar Ardo Manu, bayan Horo Birni. Yana da wata saniya da yake ji da ita, hantsarta ta kumbura ta yi tauri, in an tatsa sai mugunya da jini, ta kwanta ta ƙi ci. Har ya aika a kira mahauci. Na ce ya dakata, na yi mata allurar, na yi ta komawa ina yi mata har kwanakin suka cika. Saniya ta tashi, ta koma kiwo, ta ci gaba da ba da nono. Ardo ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Likita, wanga abu ba magani ba na, rahama ta." Ni ma haka na ɗauka. Ina kan babur ina komawa gida ina cewa a raina, an gama da irin wannan cuta, jikokinmu sai dai su ji labarinta.

Ni kaɗai ne a yankin, babur ɗaya, rugage kuwa ba iyaka, da damina hanya ta yanke. Sai na koya wa Ardo da wasu dattawa yadda ake yin allurar da kansu, na gaya musu yawan da za su zuƙa da kwanakin da za su cika. Yawan suka riƙe, kwanakin suka bari a nan inda na faɗe su. Wa zai ci gaba da tsira wa saniyar da ta riga ta miƙe allura? Ba a daɗe ba na fara ganin kwalaben a kasuwar Dandin Mahe, an shimfiɗa su a rana kusa da kanwa da igiyoyi. Saniya ta yi ɗingishi, allura. Maraƙi ya yi sanyi, allura. Mai kiwon sa don Layya, allura, wai tana sa ƙiba. Mata na fasa kafso a ruwan kaji. Da safe a yi wa saniya, da yamma a kai nononta kasuwa, mu saya mu dama fura. Ba mu kaɗai ba, haka aka yi a ko'ina, a mutane ma haka, wanda ya ji kansa na sarawa sai ya aika kemis a kawo masa kafso biyu.

Dab da zan bar aiki Ardo Manu ya aiko mini. Ya tsufa, idonsa ya fara hazo. Jikar saniyar nan ce ke kwance da irin ciwon kakarta. Ya yi mata allura har kwalba ta ƙare, ya sake wata, ba ta ko motsa ba.

Ya ce, "Likita, ko maganin yanzu jabu na?"

Na ce, "Akwai jabu a kasuwa, Ardo, amma wannan da na zo da shi daga ofis yake, kuma shi ma ka ga bai yi ba. Maganin yana nan yadda yake. Cutar ce ta waye."

Ya dube ni ya ce, "Cuta ma wayewa take yi?"

Na ce tana yi. Duk lokacin da aka ba ta kaɗan aka bari, raunanan su mutu, masu taurin su rayu su hayayyafa. Sai ya sa aka kira mahauci. Wannan karon ban ce ya dakata ba.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, duk maganin da Allah Ya ba ki ikon haɗawa, ba a hannunki zai zauna ba. Zai fita, ya shiga kasuwa, ya kwanta a rana, ya faɗa hannun wanda zai sha rabi ya ajiye rabi don wata rana. Ki riƙa tuna wannan mutumin tun kina ɗakin gwaji, don shi ne zai yi amfani da shi, kuma ba mugu ba ne, hali ne ya sa shi. Sannan kada ranki ya taɓa gaya miki kin gama da cutar. Na taɓa jin wannan daɗin a kan babur, na san zaƙinsa, na kuma ga inda ya ƙare.

Sai maganar Innarki. Wasu abubuwan kin sani, wasu kina makaranta aka yi su.

Ƙusa ce ta taka a turken awakinta, wata tsohuwar ƙusa da ta fito daga katakon ƙofa. Saboda ciwon sugan da ke jikinta ƙafar ba ta ji sosai, sai da ta ga jini a takalmi ta lura. Na wanke mata, na sa aidin, na ɗaure. Na yi wa dabbobi ɗaurin da ya fi wannan muni sau ba adadi sun warke, don haka na ɗauka ƙaramin abu ne. Da ciwon ya ƙi kamewa muka je asibitin garinmu, suka ba da magani, ta shanye duka, ni da kaina nake tsaye a kanta. Ya yi kamar zai rufe, ya sake buɗewa. Aka canza wani. Aka koma allura. Haka muka yi ta yi, damina ta wuce, aka yi girbi, ƙafa tana nan, rami sai ƙara zurfi yake. Na koyi warin ciwon nan har ina jin sa a tuwo. Innarki mai son turare ce, kin sani, sai ga shi tana jin kunyar mata su shigo ɗakinta.

A babban asibiti a Sakkwato suka ɗebi ruwan ciwon suka kai ɗakin gwaji. Kin zo hutu ranar da sakamakon ya fito, ke kika karanta mana. Na ga yadda yatsarki ke bin sunayen magunguna ɗaya bayan ɗaya, fuskarki na canzawa. Kusan dukansu ƙwayar cutar ba ta jin su, har da 'yan uwan allurar nan tawa mai ruwan zuma. Wanda ya rage kuwa likita ya ce yana taɓa ƙoda, ita kuma ƙodarta suga ya riga ya raunana ta, sai da taka-tsantsan. Ban ce daga turken awaki cutar ta samo taurinta ba, ko daga nono, ko daga gadon asibiti. Allah kaɗai Ya sani. Amma na zauna a bencin nan ina jin kamar tsohon abokin gaba ne ya biyo ni har gida.

A lokacin ne yayarta, Iya Hassi, ta zo daga Danchadi da ƙullin bagaruwa. Ta tafasa, ta tace, tana wanke ciwon da ruwan safe da yamma. Na so in hana, ke kika ce in bari, in dai ba za a daina na asibiti ba kuma likita ya sani. Gaskiya wari ya ragu, bakin ciwon ya ɗan bushe. Can ciki kuwa babu abin da ya canza.

Kin tuna yammacin da muka zauna a rumfa, Innarki ta miƙe ƙafa a kan matashi, kika nuna mana hoto a wayarki? Wani ɗan faranti ne na gilashi, ƙwayoyin cuta sun rufe shi kamar fumfuna a kan tsohon tuwo, a tsakiya inda kika ɗiga ruwan bagaruwa sai wata da'ira fes, babu ko ɗaya. Iya Hassi ta tafa hannu ta ce ai ta faɗa. Ni na tambaye ki, in yana kashe su a faranti, me ya hana shi a ƙafa?

Kika ce a faranti a fili suke. A cikin ciwo kuwa taruwa suke yi su lulluɓe kansu da wani yauƙi, su zauna a ƙarƙashinsa. Ruwan magani ya zo ya wanke sama ya zube, ko ya lalace kafin ya kai ciki, ga shi jini ba ya isa ƙafar sosai balle ya kai maganin da aka sha. Kika ce aikin da kike yi a makaranta shi ne a ɗauki ƙarfin da ke cikin bagaruwar a ƙunshe shi cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da kuke kira nano, waɗanda ƙanƙantarsu ta wuce a gan su da madubin duba ƙwayoyin cuta na asibiti, ana haɗa su da ƙaro da wasu sinadarai. Saboda ƙanƙantarsu sai su ratsa yauƙin, su isa inda cutar ta ɓuya, su riƙa sakin maganin kaɗan-kaɗan a can maimakon ya zube gaba ɗaya a waje. Na fahimce ki, don na ga yadda ake ɓoye wa akuya magani a cikin dusa. Idonki na haske kina magana. Na daɗe ban ga haske a gidan nan ba.

Innarki ta saurara har kika gama. Sannan ta gyara zama ta ce, "To alhamdu lillahi. Ni maganin ɗiyata zan jira."

Muka yi dariya dukanmu. Ba wanda ya lura ba wasa take ba.

Ni ma na ƙara wa abin wuta. Bayan sallar Magariba a ƙofar masallaci aka tambaye ni jikin mai ɗakina, na ce da sauƙi, ɗiyarmu ma tana haɗa wani sabon magani a jami'a wanda zai gama da irin wannan ciwo. Alfaharin uba ne da kuma son in ji kaina na faɗi abu mai daɗi. Magana ta tashi daga nan ta yi ƙafa. Kafin wata ya ƙare an fara sallama a ƙofata. Wadda ba na mantawa wata mata ce daga wajen Dandin Mahe, ta ɗauko mijinta a bayan motar kaya, cinyarsa ta ruɓe tun bayan haɗarin babur. Ta durƙusa a zaure.

Ta ce, "Baba, an ce ɗiyarka ta yi maganin gyambon da ya gagara. Ko kaɗan na, a taimaka muna."

Na ce mata babu, ba a gama ba, ana kan bincike.

Ta ce, "To yaushe za a gama? Mu jira."

Na ba su ruwa, na rubuta musu takarda zuwa asibiti, na tsaya ina kallon motar tana juyawa. Ban sake jin labarinsu ba, kuma har yau in na wuce tashar Dandin Mahe ba na son ɗaga kai.

Saboda haka ki kiyaye bakinki a gaban marar lafiya da masu jinyarsa. Ke in kin ce "muna sa rai," kin san nufinki shekaru. Shi wanda ke kwance jibi yake ji. Duk sanda za ki faɗi abin da maganin zai iya yi, ki haɗa da nisan tafiyar da ta rage, ko da hakan zai kashe daɗin zancen. Za su gayyace ki rediyo wata rana, za su so ki ce an samo. Kada ki ce, sai an samo.

Da zafi ya shigo ciwon ya kai ƙashi. Yatsu biyu suka yi baƙi, zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya. Aka kwantar da ita a babban asibitin Sakkwato. Likitan, wani mutum mai haƙuri, ya kira ni gefe ya ce in ba a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa ba cutar za ta shiga jini, in ta shiga kuwa ba su da abin tare ta. Aka gaya wa Innarki. Ta juya fuska bango ta ce ba mai taɓa mata ƙafa, ɗiyarta na nan tafe da magani. Na lallashe ta, ƙanenta Kawunki Sani ya lallashe ta, Iya Hassi da ta kawo bagaruwa ma ta yi kuka ta ce ta yarda. Ta ƙi. Kin san Innarki in ta kafe.

Wata rana da azahar na fita harabar asibitin na tsaya a gindin dogon yaro na kira ki. Kina tsakiyar rubuta sakamakon bincikenki, mun ɓoye miki yadda abin ya yi tsanani. Na gaya miki komai, sannan na ce ki zo da abin da kika haɗa, ko cikin ƙaramar kwalba ne, mu sa mata, ba wanda zai sani.

Kika ce, "Baba, abin nan ko ɓera ba a gwada shi a kansa ba tukuna. A faranti kawai na ga aikinsa. Ban san abin da zai yi wa naman jikinta ba, ban san inda zai je in ya shiga jini ba, ga ƙodarta yadda take."

Na ce, "Ƙafar uwarki ce fa, Saudatu."

Kika ce, "Na sani, Baba. In na sa mata wani abu ya faru, har in mutu ba zan san ko cutar ce ko ni ce ba. Kuma ko bai cutar da ita ba, kwanakin da za mu ɓata muna jira su ne za su kashe ta."

Na kashe wayar ban yi miki sallama ba. Ba zan ce miki na yi nadamar roƙon ba, duk mijin da ya ga abin da na gani zai roƙa. Amma ke ce kike kan daidai, kuma ina so ki ji haka daga gare ni a rubuce. Wata rana wani zai sake roƙonki irin wannan. Zai iya zama shugabanki mai son sakamako ya fito da wuri, zai iya zama mai kuka a gabanki. Na mai kukan ya fi wuya. Ki tuna kin taɓa ce wa ubanki a'a, kuma uwarki tana raye saboda haka.

Washegari sai ga ki da jakarki. Ba ki ko zauna ba kika shiga wurinta. Ina bakin ƙofa, na ji komai. Kika riƙe hannunta kika ce maganin ba zai iso ba.

Ta ce, "Ba shi zuwa bana?"

Kika ce, "Ba ya zuwa bana, Inna. Ba ya zuwa baɗi. Wataƙila ma ba ta hannuna zai zo ba."

Ta ce, "To mi ya hana ki hwaɗa min tun can?"

Kika ce, "Na ga kina murna."

Mai gadon kusa da ita ta daina cin abincin da take ci. Can Innarki ta zare hannunta daga naki, ta goge miki fuska da bakin mayafinta, ta ce, "Bar kuka, ba ki yi ƙarya ba, ni na ji abin da nike son ji. Tahi ki kira min likitan."

Abin da mu uku muka kasa cikin makonni, gaskiyarki ta yi shi kafin la'asar. Ki riƙe wannan. In gwajinki ya ƙi, ki rubuta ya ƙi. In nano ɗin ya kashe cutar amma ya cutar da ɓeran, ki rubuta duka biyun, kada ki ɓoye na biyun a ƙasan shafi. Shekarun da za ki yi a can suna iya ƙarewa da "wannan hanyar ba ta ɓullewa." In haka ne, ki dawo da ita kanki a sama, kin rage wa na bayanki wahala. Ba mu aike ki don ki kawo mana suna ba.

Akwai ƙananan abubuwa da nake so in ƙara, tunda ban san ko zan sake samun ƙarfin rubutu mai tsawo haka ba. In kuna gwaji, ki nemi a gwada a kan irin ƙwayoyin cutar da ke cikin ciwukan mutanenmu, kada a tsaya kan na can kawai. Ki riƙa tambayar malamanki ko abin zai jure zafin Boɗinga a watan azumin bazara, a ɗakin shan maganin da ba wuta balle firji. Maganin da sai mai hali a babban birni zai same shi, matar nan ta Dandin Mahe ba ta da rabo a ciki. Kada ki raina su Iya Hassi, a hannunsu kika fara ganin bagaruwa, amma kada ki karɓi duk abin da suka ce sai kin auna, su ma suna kuskure kamar yadda muka yi da allurarmu. Ki ci abinci a kan lokaci. Na san ki, in aiki ya kama ki sai ki wuni da shayi. Ciwon suga yana gidanku ta wajen uwa, ki riƙa dubawa. Sallarki kuma kada ɗakin gwaji ya cinye ta.

Na san kin so ki mayar wa jami'ar can ƙasar waje da gurbin karatun da suka ba ki. Gwaggonki ta gaya mini kin ce ba za ki bar uwa mai ƙafa ɗaya da uba mai rawar hannu ba. Na kuma lura da yadda kike kallon inda zanenta ke faɗawa babu komai a ƙasa, sai ki tashi ki shiga ɗaki. Kina ganin da kin yi sauri da ba a yanke ba. Saudatu, ko da kin kwana a ɗakin gwajin kullum, ba za ki cim mata ba. Cutar ta riga ki tashi da shekaru masu yawa, tun kina goye aka fara koya mata.

Akwai abin da ban gaya miki ba, don lokacin kina wurinta ba ta farfaɗo daga allurar barci ba. Bayan an gama aikin ma'aikatan suka miƙo mini ƙafar a naɗe. Ni da Kawunki Sani muka sa ta a mota muka kawo Boɗinga. Na tambayi liman, ya ce ba a yi mata salla, a naɗe ta a farin ƙyalle a rufe kawai. Muka je maƙabarta da rana tsaka, mu biyu, Sani ya haƙa, ni na sa ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na yi mamakin yadda abin da ya hana gida barci shekara da shekaru bai fi nauyin ɗan akuya ba. Muka mayar da ƙasa, muka yi addu'a, muka koma asibiti.

Yanzu ga ta nan. Dungun ya warke sarai. Tana tafiya da sanduna daga ɗaki zuwa rumfa, wani lokaci har turke, tana yi wa awaki faɗa. Ta koma sa turarenta, mata sun koma shigowa hira. Ranar da ba ta jin daɗi takan ce yatsun da babu su suna mata ƙaiƙayi, sai mu jira har ya wuce. Ni ke kai mata ruwan alwala. Ban ce da sauƙi ba, amma muna iyawa, Sani yana leƙowa, yayyenki suna zuwa.

Ɗazu da hantsi ta gan ni da biro da takarda ta ce wa nake rubuta wa. Na ce ke. Ta ce me na ce miki, na karanta mata wasu wurare. Ta ce na cika surutu, sannan ta ce in rubuta nata, kada in gyara ko kalma ɗaya. Ga shi:

"Ka ce mata ƙahwata tana nan Boɗinga, an rufe ta, ta riga ni ta kama min wuri. Kada ta ɗauke ta ta tahi da ita wata ƙasa, kayanta sun isa nauyi. Ta yi karatunta don masu ƙahwa biyu da ba su taka ƙusa ba tukuna. In ta samu, alhamdu lillahi. In ba ta samu ba, ta dawo haka nan, ni ɗiyata nike jira yanzu."

Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan.

Allah Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya tsare ki a cikin baƙi, Ya tsare hannunki daga cutar da kowa. Allah Ya ba ki malamai masu amana da abokai masu tsoronSa, Ya buɗa miki abin da ya rufu, Ya ba ki haƙurin abin da bai buɗu ba. Mun yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mana. In da rabon mu sake ganawa, Allah Ya dawo mana da ke lafiya muna da sauran ƙarfin tarbarki. In kin sauka ki kira, ko da gaisuwa ce kawai.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.